An yanko rabin maganar baƙona aka watsa wa duniya

Tun da shirina na hira da 'yan fim ya fara karɓuwa, abokan sana'a ke tare ni a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, suna tambayar yadda za su buɗe nasu. Kusan kowa da zancen kaya yake farawa: wace kyamara, wane makirfo, nawa ne hayar ɗaki. Wannan ai mai sauƙi ne. Wayoyi biyu masu kyau, makirfon maƙalawa a riga, fitila, da ɗakin da ƙarar janareta ba ta shigowa, sun isa a fara. Abin da nake zaunar da mutum in gaya masa, ko da sauri yake, shi ne labarin dattijon da aka yanko rabin maganarsa daga shirina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni ɗan wasa ne tun kafin in san ana biyan kuɗi a kan wasa. Mun tashi muna cunkuso a gidan maƙwabta don kallon Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu, washegari mu je makaranta muna kwaikwayonsu. Daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta na shigo fim, kuma har gobe babu abin da ke min daɗi irin lokacin da darakta ya ce a fara, lokeshan ya yi tsit, na zama wani mutum daban da ni. Ban buɗe shirin hira don na gaji da wannan ba. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ce ta mutu, aiki ya koma finafinai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, zaman jiran kiran furodusa ya yi yawa. A cikin wannan zaman na lura manyanmu suna ta tafiya. Ibro ya rasu a Disambar 2014, Kasimu Yero a 2017, Samanja a 2023. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma akwai waɗanda suka ga wancan zamanin da idonsu suna nan a Kano da Kaduna da Jos, ba mai tambayarsu komai. Farfesa Abdalla Uba Adamu da mujallar Fim sun rubuta da yawa, Allah ya saka musu. Amma ni muryar mutanen nake so a adana, da dariyarsu, da inda suke yin shiru.

Da farko na ɗauka tunda na saba da kyamara, gabatar da hira ba zai ba ni wuya ba. Ta wani fannin haka ne. Ɗan wasa na gaske ya san rabin aikinsa sauraron abokin fitowarsa ne, kuma wannan ya taimake ni ƙwarai. Abin da na koya daga baya shi ne haƙuri da shiru. A fim, shirun da ba ya cikin sikirif ɓarna ne. A hira kuwa, in baƙo ya tsaya yana kallon ƙasa, maganar da ka gayyato shi dominta ce ke tahowa, ka kama bakinka kawai.

Dattijon nan na daɗe ina bibiyarsa kafin ya yarda. Tun zamanin wasan daɓe yake, ya yi talbijin, ya shigo fim da ƙarfinsa, daga baya rashin lafiya ta zaunar da shi. Ya zo da wata baƙar leda cike da hotuna, wasu sun manne da juna saboda danshi, da kwalin kaset na bidiyo wanda fuskarsa ke jiki tun gashinsa na baƙi. Da zan maƙala masa makirfo sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka san ni ban iya ɓoye-ɓoye ba, abin da ka tambaye ni shi zan faɗa." Na ce, "Baba, shi ya sa na nace sai kai."

Hirar ta yi daɗi fiye da yadda na zata. Ya ba da labarin yadda suke ɗaukar fim da kyamarar biki guda ɗaya, yadda ake aron falon mutane a yi sauri a gama kafin maigidan ya dawo, yadda masana'antar ta shiga wani yanayi bayan an kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. Sai muka zo kan kuɗin sallama. Ya ambaci wani furodusa wanda yanzu babba ne, ya ce akwai fim ɗin da ya yi masa kwana da kwanaki a lokeshan, da aka tashi ko sisi bai ba shi ba, kuɗin mota ma sai da ya ranta. Ya yi dariya, ya kurɓi ruwa. Sannan ya ce a lokacin yaron nan ba shi da ko taro, bashi ya ci ya yi fim ɗin, kuma shi ɗin ne ya zo asibiti bayan shekaru ya biya masa kuɗin asibitin gaba ɗaya, bai fito ya gaya wa duniya ba. Da ya kai nan idonsa ya ciko. Ya ce dama yana neman inda zai gode masa a bainar jama'a.

Godiya ya zo yi. Wannan shi ne abin da ke cina.

Mun saki shirin da daddare. Kafin azahar ta washegari wani shafi, irin waɗanda ba su da aiki sai tsintar maganganun mutane, ya yanko daga inda ya ambaci sunan zuwa "ko sisi bai ba ni ba", ya tsaya daidai kafin ya kurɓi ruwan nan. Aka ɗora kiɗan tausayi a ƙasa, aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa tsohon jarumi ya tona asirin wane. Ko minti ɗaya guntun bai kai ba. Daga TikTok ya faɗa Facebook, daga nan ya shiga WhatsApp, inda ba mai iya kamo shi. Kowa a masana'antar nan ya tuna ƙurar da ta tashi a 2022 bayan hirar tsohuwar jaruma Ladin Cima da BBC Hausa a kan kuɗin da ake biyan dattawa, don haka mutane a shirye suke, abin da za su hau kai kawai suke jira. Masu zagin furodusan suka yi ta zagi. Yaransa kuma suka juyo kan Baba, suna kiransa butulu, tunda su sun san zancen asibitin. Mutumin da ya zo da godiya a bakinsa, shi ake kira butulu.

'Yarsa ce ta fara kirana tana kuka. Bayan magariba shi da kansa ya kira. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, haka muka yi da kai?" Na yi ta rantsuwa cewa cikakkiyar hirar na nan yadda ya faɗe ta, ko kalma ba mu cire ba. Ya ce ya yarda, amma a masallacin unguwarsu ba wanda ya ga cikakkiyar. Gaskiyarsa ne. Hira mai tsawon awa guda tana cin data, guntu kuwa kyauta yake zuwa wa mutum har cikin wayarsa.

A makon nan baƙi biyu da muka riga muka sa rana suka janye. Ɗaya ta ce mijinta ya hana, ɗayan ya daina ɗaga wayata. Wani darakta da muke shiri ya ce mini a lokeshan, a gaban mutane, wai na buɗe shagon haɗa husuma. Wannan ta yi min zafi, don ni ɗan cikin gida ne. Ɗan jarida in ya yi hira ya tayar da ƙura, ofishinsa zai koma. Ni kuwa wanda aka ɓata wa rai yau, gobe shi ne zai ba ni aiki, ko in fito a matsayin ɗansa. Wannan kusancin shi ke sa baƙi su saki jiki da ni su faɗi abin da ba za su gaya wa baƙon ido ba, kuma shi ne ke sa in abu ya ɓaci ya ɓaci har gida.

Ƙorafin haƙƙin mallaka mun shigar, an kuma sauke guntun a wasu shafukan, amma ya riga ya yaɗu. Abin da ya yi aiki shi ne hanyar da iyayenmu suka sani. Na sami wani babba da furodusan ke jin nauyinsa, ya raka ni har ofishinsa. Ban yi dogon bayani ba. Na miƙa masa wayata daidai wurin, na ce, "Ranka ya daɗe, minti uku kawai nake roƙo." Ya kalla fuska a ɗaure har zuwa inda Baba ya kurɓi ruwa. Da aka zo zancen asibiti sai ya ajiye wayar a kan tebur, ya daɗe bai ce komai ba. Ashe shi ma guntun kawai ya gani. A daren ya je gidan Baba da kansa, ya kuma tsawata wa yaransa. Mun fitar da cikakken wurin a matsayin namu guntun, amma waɗanda suka kalle shi ba su kama ƙafar waɗanda suka kalli na farkon ba. Har yanzu lokaci-lokaci wani sabon shafi kan tono tsohon guntun ya sake sakawa kamar yau abin ya faru.

Tun daga nan yadda nake aiki ya canza. In muna tace shiri, ni da edita muna saurara da kunnen mai neman fitina: wace jimla ce in aka tsaya a tsakiyarta za ta koma zargi? In baƙo ya faɗi irin wannan muna cikin ɗauka, nakan bari ya gama, sannan in ce, "Baba, don Allah maimaita min, amma ka fara da alherin." Maganar ba ta canza ba, sai dai mai yanka ba zai sami inda zai sa almakashi cikin sauƙi ba. Guntayenmu kuma mu muke yanka su da kanmu, da tambarin shirin a tsakiyar hoto inda ba a iya gogewa, mu sake su lokaci ɗaya da cikakken shirin, don kada wani ya riga mu. Duk wurin da aka ambaci sunan wanda ba ya ɗakin, sai baƙon ya sake kallonsa kafin ya fita. Dattawa musamman, nakan zauna in nuna musu a waya yadda ake yankan nan, domin da yawansu a rediyo suka san hira, inda magana ke wucewa in an faɗe ta.

Wasu abokaina sun ce in daina taɓo zancen kuɗi da saɓani gaba ɗaya, in tsaya kan wane abinci ka fi so, wane fim ya fito da kai. Ban yarda ba. Irin wannan hirar ta cika gari, kuma ba don ita na tara mutane ba. Maganar sallamar dattawa gaskiya ce, maganar waɗanda suka ba da ƙuruciyarsu ga sana'ar nan suka tsufa ba su da na magani gaskiya ce, dole a faɗe ta. Abin da ke wuyana shi ne in tabbatar ta isa kunnen mutane yadda mai ita ya faɗe ta.

Mai son shiga don kuɗi kuma ya sani, YouTube ba ta fara biyan kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ko ka kai, abin da ke shigowa daga masu kallonmu na gida ba ya da yawa. Tallan 'yan kasuwa ne ke riƙe shiri, su ma sai ka zaɓa. Abin takaicin, mai yankan guntu bai biya hayar ɗaki ba, bai sayi man janareta ba, bai yi wata da watanni yana lallashin baƙo ba, amma shi ke kwashe masu kallo da guminka.

Duk da haka ban taɓa tunanin rufe shirin da gaske ba, ko a makon da abin ya fi zafi. Saƙonnin murya da ke shigo min daga Damagaram da Maraɗi, daga zangon Kumasi, daga 'yan'uwanmu mazauna Jidda, su ke hana ni. Tela ya ce yana ɗinki yana saurara, direba ya ce da shirin yake kai Legas. Yawancinsu ba sa ma kallon hoton, shi ya sa nake ce wa masu tambayata su kashe kuɗinsu a kan sauti kafin kyamara. Hausawa mutanen rediyo ne tun da daɗewa, za su yafe maka hoto mai duhu, ba za su yafe maka muryar da ba ta fita ba. Kuma ni kaina wasana ya ƙaru. Zaman da nake yi ina kallon yadda tsoho ke gyara hula kafin ya faɗi abin da ke masa nauyi, ko yadda mace ke dariya don kada ta yi kuka, ya koya min abin da ban samu a lokeshan ba.

Da Baba mun shirya, ina zuwa gaishe shi, yana sa min albarka. Sai dai a ranar hirar nan ba mu kai ga zamanin wasan daɓe ba, lokacin da suke yawo gari-gari da kayan wasa a bayan a-kori-kura, mun bar shi sai zama na biyu. Duk sanda na tayar da zancen sai ya ce, "Bari dai, ɗana, bakina ya huta." Waɗanda suka yi wannan yawon tare da shi saura ƙalilan, jikinsa kuma ba kamar da ba. Ina da tambayoyin a rubuce, kuma zan ci gaba da roƙonsa har ya yarda.