Abin da nake ɗura wa bindigar toka

In maharba suka zauna hira a wajenmu, zancen albarushi ake yi: na wane ya fi ƙarfi, na wane ya fi ƙara. Da wuya ka ji an tsaya a kan abin da ake ɗorawa a samansa, alhali shi ne ke zuwa ya tarar da dabba. Ni dai dalma nake ɗurawa, ba na gauraya ta da komai.

Na san abin da mutane da yawa ke yi saboda arha. A sassare ƙusa ko guntun rodi, a ciro ƙwallayen boris na keke, wani har da tsakuwa. Wannan abu yana tayar mini da hankali. Ƙarfe ba ya lotsawa, kankare cikin bututu yake yi, guntu mai kusurwa kuwa yana iya gicciyewa ya maƙale. Bindigoginmu galibi ƙirar maƙeran gida ne, ba su da ƙarfin jure wannan, kuma in bututu ya tsage yatsun mai harbi da idonsa ne a kusa. Ƙwallon ƙarfe in ya bugi dutse tsalle yake yi, ba ka san inda zai nufa ba, ga karnuka ga samari sun bazu a daji. Ita dalma ta fi ƙarfe nauyi kusan ninki ɗaya da rabi, saboda haka ta fi riƙe ƙarfinta a tafiya, in ta shiga jiki kuma sai ta baje, dabba ta faɗi kusa, ka kai gare ta ka yanka.

Baffana ne ya koya mini zaɓe. Yakan karci dalma da farcen babban yatsa. In farce bai yi mata shaida ba, an haɗa ta da wani abu, sai ya ture. Harsashin da ya zuba kuma sai ya mirgina shi a faranti, duk wanda ya yi ɗingishi ya koma wuta. Sannan ya gwada a bakin bindigar: ya zama ya ɗan gaza faɗin bututun kaɗan, yadda in an naɗe shi da tsumma mai maiƙo zai shiga da matsi. Ya kan danna shi har ya zauna daram a kan albarushi, domin in aka bar sarari a tsakani, nan bututu ke kumbura ko ya fashe. A jikin sandar ɗurinsa akwai tsaga da ya yi da wuƙa. In bai ga tsagar ta zo daidai da bakin bindiga ba, ba ya taɓa kunama.

Zabo da fakara da zomo, ƙananan ƙwayoyi ake zuba musu. Gada da gyadon da ke ɓarna a gona kuwa, dunƙule guda mai nauyi. Wanda ya watsa wa gada ƙwayoyin zabo, rauni kawai ya yi mata, ta je ta mutu a ƙaya ba wanda ya amfana. Ko da dunƙulen ma, ni ba na harbi fiye da taku hamsin.

Samari kan nuna mini bidiyon maharban Amurka a waya, su ce a zuba musu dogon harsashi mai tsini irin nasu. Bindigogin can suna da tsagi a murɗe cikin bututu, shi ke sa harsashi ya riƙa juyawa ya tafi sambal. Dogon harsashi kuwa, tun wanda wani Bafaranshe mai suna Minié ya fito da shi a 1849, domin irin wannan bututu aka yi shi. Namu cikinsa sumul yake, dogon harsashi tungurgure zai yi ta yi a iska. Kuma don Allah kada kowa ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka. Ƙarfinsa ya wuce abin da za ta iya ɗauka.

Sai dai dalmar nan da nake yabo guba ce. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Tun da na ji wannan, a bayan gari nake narkawa, iska na kaɗa hayaƙin gaba, da ludayin ƙarfe da ba ya komawa madafa. Ba na fasa tsohon batirin mota don neman dalma, kuma na hana yaran da ke bi na al'adar riƙe harsashi a baki lokacin ɗuri. In an feɗe dabba, nakan yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi da faɗi, in binne shi inda kare ba zai tono ba. Zabon da aka harba da ƙananan ƙwayoyi kuwa, tunda ba a iya tsince su duka, ba a ba mai ciki ko ƙananan yara a gidana.