Inda Na Kai a Koyon Fam Ɗin Zinaren Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. A 'yan kwanakin nan na ajiye sauran tsabobi gefe guda, na tattara hankalina kan fam ɗin zinare kaɗai, wanda mutanen Ingila ke kira sovereign. Shi ya fi yawa a hannun jama'a, shi ne kuma mai koyo irinmu zai iya samu ya riƙe, ya jujjuya, ya saba da shi.

Abin da ya zauna mini daram yanzu shi ne kowane fam yana da farashi biyu. Na farko kuɗin zinaren da ke jikinsa, wannan kowane mai shagon gwal zai faɗa maka nan take. Tun da aka fara buga irin na zamani a 1817, nauyinsa bai canja ba: giram 7.98, karat 22, wato kashi 22 cikin 24 zinare ne, sauran galibi jan ƙarfe don ya yi ƙwari. Zinare tsantsa a ciki giram 7.32. Ka ninka wannan da farashin giram na ranar, ka sami ƙasan farashinsa. Na biyu kuwa kuɗin ƙarancinsa da lafiyar jikinsa ne, kuma sikeli ba ya ganin wannan ko kaɗan. Nan ne karatun yake.

Duk da haka da sikelin nake farawa. Kayan aikina ba su da yawa: sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ma'aunin faɗi irin na masu gyaran inji, madubin ƙara girma sau goma, sai maganaɗisu. Faɗin fam milimita 22.05 ne, kaurinsa kimanin 1.5. Dole a haɗa awon nauyi da na faɗi da na kauri, domin zinare ya fi yawancin ƙarafa nauyi. Mai yin jabu da wani ƙarfe in ya daidaita nauyi, sai tsabar ta yi kauri ko faɗi fiye da ƙima. Fam ɗin da ya sha hannu yakan ragu kaɗan, dokar Ingila ma ta yarda da shi a ciniki har zuwa kusan giram 7.94. In na ga ya faɗo ƙasa da haka sosai, sai na ƙara sa ido.

Inda na fi daɗewa shi ne harafin gidan da aka buga tsabar. Ku ɗauki fam na Sarki Joji na Biyar, ku juya bayansa inda mahayin doki, Sen Joj, yake fafatawa da dodo. Ku ɗora madubi a kan tudun ƙasar da ke ƙarƙashin dokin, daidai saman shekarar. In akwai wani ɗan harafi mitsitsi a nan, shi ke faɗin garin. S na Sidni ne, M na Melbon, P na Perth, duk a Ostiraliya. C na Ottawa ta Kanada, I na Bombay ta Indiya, wanda a 1918 kaɗai aka buga shi, SA kuma na Pretoriya a Afirka ta Kudu, daga 1923 zuwa 1932. In babu komai, na Landan ne. Ku lura da wasu haruffa biyu, B.P., a ƙasa can gefen dama na shekarar. Ba na Perth ba ne, sunan mai zanen ne, Benedetto Pistrucci, mutumin Italiya. Sabon shiga yakan rikice a nan.

Me ya kawo waɗannan rassa? An gano zinare mai yawa a Ostiraliya a 1851, sai ya zama ya fi sauƙi a buga kuɗin a can maimakon a yi ta jigilar ɗanyen zinare a jirgin ruwa zuwa Landan a komo da shi. Reshen Sidni ya buɗe a 1855, sauran suka biyo baya.

Wannan ɗan harafin kan raba tsaba biyu masu nauyi ɗaya da tazara mai nisa. Fam na Landan na 1912 an buga fiye da miliyan 30, saboda haka kuɗinsa bai wuce na zinarensa da ɗan ƙari ba. Na Ottawa na 1908 kuwa bai kai 700 ba. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne 1917. Na Perth na wannan shekarar ana samunsa cikin sauƙi. Na Landan an buga kimanin miliyan ɗaya, amma akasarinsa ya tafi Amurka wajen biyan bashin yaƙi, aka narkar da shi, ya zama abin nema ruwa a jallo. Shi ya sa wasu marasa tsoron Allah ke kankare harafin daga na Ostiraliya su ce na Landan ne. Duk wanda aka kawo masa 1917 maras harafi, ya duba tudun ƙasar nan da kyau ko akwai alamar gogewa, kuma kada ya biya sai ƙwararre ya gani. Akasin haka ma akwai: na Landan mai ɗauke da 1925 an sake buga shi tsakanin 1949 da 1951 ba tare da an canja shekarar ba, don haka ba kowace shekara ce ke faɗin ranar haihuwar tsaba ba.

Na Sarauniya Biktoriya sun fi daɗin nazari a wurina. Fuskarta iri uku ce: ta ƙuruciya daga 1838, ta bikin cika shekara hamsin a kan mulki mai ɗan ƙaramin kambi daga 1887, sai ta tsufa mai lulluɓi daga 1893 zuwa 1901. A na ƙuruciya, wasu bayansu garkuwa ce, wasu mahayin doki. In mahayin doki ne, harafin garin yana gaba, ƙarƙashin wuyanta. In garkuwa ce, yana baya daga can ƙasa. Wani gwaji mai sauƙi: riƙe na ƙuruciya kanta na sama, ka juya shi ta gefe, za ka ga bayan ya fito a kife. Daga na 1887 mai kambi zuwa gaba, gaba da baya duk sama suke kallo. Akwai kuma na 1859 da ake kira Ansell. Wani zinare ne ya zo daga Ostiraliya mai gautsi, yana tsagewa wajen bugu, sai George Ansell, ma'aikacin gidan buga kuɗin, ya gyara shi. Ana gane su da ƙarin layi ɗaya a kan ƙyallen da ya ɗaure gashin sarauniya. Layi ɗaya tak, amma yana ninka farashi.

Yanzu zancen lafiyar jiki, kuma nan ne abin ke yi mini ciwo. An nuna mini wani fam mai garkuwa, zanensa tsaf, gashin saman kunnen sarauniya bai side ba, ganyen da ya kewaye garkuwar duk ana ƙirga shi. Da na duba gefensa sai ga tabon wuta inda aka taɓa liƙa masa kunne aka rataya a sarƙa, zarar-zarar ɗin gefen ta narke a wurin. Fuskar kuma an goge ta da maganin wanke gwal har tana ɗaukar ido, a ƙarƙashin madubi duk ƙananan karce. Masu tara tsaba ba sa son wannan ƙyalli. Abin da suke nema shi ne sheƙin asali, wanda ke zagayawa a hankali in ka karkata tsabar a haske, kuma in an goge shi ba ya dawowa har abada. Wannan fam ya koma kuɗin zinarensa kawai. Don Allah kada ku wanke, kada ku goge, ku riƙe ta gefe, ku adana kowane a gidansa daban. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC na Amurka suna ba da maki daga 1 zuwa 70, su rufe tsabar cikin roba. A manyan tsabobi, tazarar maki biyu kuɗi ne mai yawa.

Ku kuma bambance na asali da na ado. A kasuwannin gwal na Saudiyya da Dubai ana sayar da masu kama da fam waɗanda maƙera suka yi, zinare ne na gaske, sau da yawa karat 21, wasu har da lambar karat a jiki. In an sayar da su a matsayin kayan ado babu laifi, amma ba su da farashi na biyu. Sayen tsaba da hoto ɗaya a waya kuwa cinikin biri a sama ne.

Manya a cikinsu, irin na 1819 wanda aka buga 3,574 kuma waɗanda suka saura ba su wuce kimanin goma ba, ko na Sarki Edwad na Takwas na 1937 da aka sayar a kan fam miliyan ɗaya na kuɗin Ingila a 2020, karanta labarinsu kawai nake yi. Tunatarwa ga mai tarawa: nisabin zinare kimanin giram 85 ne, fam 12 sun haura shi, sai a tuntuɓi malamai kan zakka.

Mataki na gaba shi ne rabin fam, mai giram 3.99, daga nan in shiga tsabar zinaren Ingila mai suna Gini da aka buga daga 1663 zuwa 1813, wadda wasunta ke da ɗan hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki, alamar zinaren ya fito ne daga gaɓar Afirka ta Yamma ta hannun kamfanin da ya yi fataucin bayi. Wanda ke da fam a hannu yana son mu duba tare, ya ɗauki hoton gaba da baya da gefe a hasken rana, ya haɗo da nauyinsa da faɗinsa.