Hoton ɗalibata ya riga ta zuwa gida

Shekarata tara ina koyar da wasanni a wata makarantar kuɗi da ke Jos, ta wajen titin Bauchi. Ba babbar makaranta ba ce, ko filin kanmu ba mu da shi. Duk shekara sai mun je mun yi hayar fili, mu kafa rumfuna, mu ja layi da farar ƙasa. Gasar gidaje, wadda yara da iyayensu ke kira intahaus, ita ce babbar sallarmu. A zango na biyu muke yin ta, lokacin da hunturun Jos ke sa yaro ya zo da rigar sanyi biyu, leɓe a tsage, kafin hantsi ya dubi ludayi kuma ya tuɓe su ya cusa a ƙarƙashin benci.

A gasar shekarar da zan ba da labari, ni ne riƙe da lasifika. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare, siririya, marar yawan magana, wadda idan ta zura da gudu sai ka rantse ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta shiga tseren mita 200 da dogon wando da ɗan ƙaramin hijabi. Ta bar saura a baya, tana ƙetare layi ta yi tuntuɓe ta faɗi, hijabin ya zame, ta tashi tana dariya tana gyarawa. Ni kuwa murna ta ɗebe ni, na kama kiran cikakken sunanta haɗe da na mahaifinta, har sau uku, na faɗi ajinta, na faɗi gidan da take wakilta a gasar. A tunanina girmama ta nake yi.

Ashe wani saurayi, yayan wani ɗalibinmu, ya ɗauki abin tun daga farko. Ya ɗora waƙa a kai, ya rage saurin wurin faɗuwar, ya saki a TikTok. Bajon makarantarmu na nan ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigarta, muryata kuma tana tashi a ƙarƙashin waƙar tana shelar ko 'yar waye. Kafin mu gama kwashe kujeru, an riga an nuna wa mahaifinta a rumfarsa ta kayan gwari a Farin Gada.

Ranar Litinin da sassafe ya zo. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a ofishin Hajiya mai makaranta, ya ajiye wayarsa a kan tebur ya turo mini.

"Malam, karanta abin da ke ƙasan nan."

Na karanta uku na kasa ci gaba. Samari ne da ba su san ta ba, suna zancen jikinta, wani yana tambayar ƙarfe nawa ake tashi daga makarantar.

"Alhaji, don Allah a yi haƙuri, ba mu muka saka ba."

"Na sani. Amma muryar wa ke kiran sunana a ciki?"

Ban sami bakin magana ba. Ya ce karatu ya kawo 'yarsa, bai kawo ta a yi tallarta ba, daga ranar kuma ta bar gudu. A satin nan sau biyu maigadi yana korar wasu samari da suka tsaya da keke a bakin ƙofa lokacin tashi suna kiran sunanta.

Hukuncin Hajiya na farko shi ne a hana waya gaba ɗaya a duk wani taron wasa. Na goyi baya, domin a lokacin kunya ce ke tunani a madadina. Muka gwada a wani wasan ƙwallo na sada zumunci. Maigadi ya zauna da bokiti yana karɓar wayoyi yana ba da 'yar takarda mai lamba. Ba a yi rabin awa ba ƙofa ta zama kasuwa. Wata uwa da ta taso tun daga Bukuru ta ce mijinta yana aiki a Legas, bai taɓa ganin ɗansa a fili ba, ta yi masa alkawarin bidiyo, kuma ba wanda ya isa ya raba ta da wayarta. Wani uba ya ce idan aka kira shi daga shago fa? Masu waya biyu suka ba da ɗaya suka shige da ɗaya. Waɗanda ma ba mu gayyata ba suka hau katanga suka ɗauki abin da suke so.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar kyaftin ɗinmu bayan an tashi. Ya same ni ina tattara ƙwallaye ya ce, "Malam, idan ba a ɗauke mu ba, wa zai gan mu?" Wanda bai san Jos ba zai ɗauka surutun yaro ne. Garin nan ne ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa. Yaran da nake koyarwa suna ƙanana Plateau United ta ɗauki kofin gasar firimiyar Najeriya a 2017, sun ga yadda gari ya ruɗe. Duk yaron da ke buga ƙwallo a Gangare ko Anguwan Rogo ko Rikkos ya yi imani wata rana wani zai ga bidiyonsa na minti biyu ya aiko a kira shi. Yawancinsu ba za a kira su ba, na sani, amma ni ban isa in rufe musu wannan tagar don in wanke laifina ba.

Sai muka kai maganar taron iyaye da malamai. A nan wata lauya cikin iyayen ta buɗe mana ido. Ta ce akwai dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, har da hukumar da ke kula da ita a Abuja. A dokar, hoton da za a iya gane mutum a cikinsa yana cikin bayanansa, kamar sunansa da ranar haihuwarsa. Idan kuma yaro ne, wato wanda bai kai 18 ba kamar yadda dokar 'yancin yara ta 2003 ta fayyace, to amincewar da za a nema ta iyaye ce ko mai riƙo. Ta ƙara da abin da ya sa ɗakin ya yi tsit: uwar da ta ɗauki ɗanta don kallon gida ba ita dokar ta fi hawa ba, aikin jarida ma an yi masa rangwame. Mu makaranta, masu tara bayanan yara a fayil da kwamfuta, mu ne a gaba. Ta nuna taga ta ce, wancan ƙaton allon talla da ke bakin titi mai fuskokin yara shida, an tambayi iyayensu? Hajiya ta sunkuyar da kai.

Ni nawa laifin ya fi na allon. Duk wanda ya taɓa kai yara gasa a ƙasar nan ya san rigimar shekaru. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, amma zargin rage shekaru bai taɓa barin mu ba, tun 2009 ma FIFA ta koma duba ƙashin wuyan hannu da na'ura. A matakinmu ba na'ura, takardar haihuwa ce hujja. Don haka wayata cike take da hotunan takardun haihuwar yara. Duk lokacin da wani koci ya yi gardama cewa ɗan wasana gardi ne, sai in tura takardar a zauren WhatsApp na masu horarwa don in rufe masa baki. Jerin 'yan wasa kuwa da nake turawa, har da ranar haihuwa da lambar wayar iyaye. Zauren nan ya fi mutum ɗari, rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Ba a daɗe ba na ga abin da hakan ke haifarwa. Mahaifiyar wani ɗan bayanmu, yaro ɗan shekara 15, ta same ni da rana tsaka. Wani ya kira ta ya ce shi ejan ne, ya faɗi sunan yaron, ranar haihuwarsa, lambar da yake bugawa, ya ce an zaɓe shi gwaji a Turai, kuɗin fasfo da biza kawai za ta kawo. Har ta yi magana da uwar adashinsu a ba ta ɗauka kafin lokacinta. Allah ya sa ta ce bari ta fara yi wa Malam godiya, a zatonta ni na haɗa. Na ce mata, "Mama, kada ki ba kowa ko kwabo." Na bayyana mata cewa dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da wasu 'yan yanayi da ɗanta ba ya cikinsu. Ta tambaye ni to a ina mutumin ya samo lambarta. Na ce mata ina zargin daga takardar da ni na tura ne. Daren nan na zauna na goge duk takardun haihuwar da ke wayata. Yanzu fayil nake ɗauka zuwa fili, alƙalin wasa ya duba da idonsa, in mayar da abina jaka.

Ƙa'idar da muka rubuta daga baya shafi ɗaya ce, Hausa a gaba, Turanci a baya. Na dage a kan shafi ɗayan, don na san takarda mai shafi biyar ba karanta ta ake yi ba, sa hannu kawai ake yi. Uba ko uwa za su zaɓa: a ɗauki yaro a wallafa, ko a ɗauka don amfanin cikin makaranta kawai, ko kada a ɗauka sam. Wanda ya amince yau yana iya janyewa gobe. Makaranta ba za ta haɗa fuska da cikakken suna da aji a wuri guda ba. Mai lasifika zai kira sunan yanka da launin gida, shi ke nan.

'Yan jarida, waɗanda muka fi jin tsoro, su suka fi sauƙin sha'ani. Suna zuwa su nuna katin aiki, a rubuta sunansu, a haɗa su da malami guda ya nuna musu yaran da iyayensu suka yarda. Hira da yaro sai malami na tsaye. Ɗaya ne ya taɓa ce mini filin haya ba gidanmu ba ne, ba mu da ikon hana shi ɗauka daga waje. Gaskiya ya faɗa, na kuma ce masa gaskiya ne, roƙo nake yi. Ya yi dariya ya bi malamin.

Iyaye kuwa har gobe roƙonsu muke yi. Kafin a fara wasa nakan ce kowa ya ɗauki nasa, wanda kuma ɗan wani ya faɗo cikin hotonsa, ya tuna shi ma ba zai so a watsa nasa ba. Wasu suna ji, wasu kamar ka yi da dutse.

Yadda za a gane yaran da ba a yarda a ɗauka ba ya ba mu wahala. Da farko jan ƙyalle muka ɗaura musu a hannu, sai sauran suka fara tsokanarsu da 'yan kulle. Muka koma ɗaura wa kowa, wasu fari wasu kore. Kwana biyu yara suka gano ma'anar launin, amma da yake kowa na da nasa, tsokanar ta mutu.

Akwai abin da ban yi tsammani ba. Na ƙara wani ɗan layi a ƙasan takardar inda shi ma yaron zai ce e ko a'a. Sai ga uba ya amince, 'yarsa ta ce ba ta so. Sai ga yaro yana mutuwar son a gan shi, uba ya ce a'a. Muka tsayar cewa duk wanda ya ce a'a a cikin su biyun, maganarsa ce za ta ci. Wannan ya faɗa kan mai tsaron ragarmu, yaron da ya fi kowa hazaƙa a ƙungiyar. Ya yi zango guda yana gaishe ni da kai kawai. Na je har gida na roƙi mahaifinsa, ya ce sai ya gama jarrabawar WAEC, daga nan ya ɗauki hoto har da na rataye a wuya. Ban sake komawa ba.

Saurayin da ya saki bidiyon ya cire shi tun a makon farko, ya zo ya ba da haƙuri har da hawaye. Amma an riga an kwafe, watanni bayan nan ina ganinsa jefi-jefi a wayoyin mutane. Yarinyar ta gama makaranta ba ta sake taka layin tsere ba. A gasarta ta ƙarshe agogon auna lokaci na ba ta ta riƙe mini, ta tsaya a bakin layi tana kallon wadda ta ci mita 200 da lokacin da bai kai nata ba.

Bana ƙanwarta ta shigo aji ɗaya. Da takardun amincewa suka dawo, nata na fara nema. Alhaji ya yarda ta yi gudu, ya zaɓi kada a ɗauke ta sam. A can ƙasa, inda babu gurbin rubutu, ya ƙara da biro: "Kuma Malam kada ya kira sunana a lasifika."