Wasiƙa daga Pune: ganuwar da ke kan dutsen Sinhagad

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina nan lafiya, karatu na tafiya. Tun da na sa hoton nan na kan dutse tambaya ɗaya ke ta zuwa mini: ina ne wannan, wa ya yi ganuwa can sama haka? Masu tambayar biza, ku ɗan jira ni.

Sinhagad ke nan, kusan kilomita 30 daga birnin Pune na ƙasar Indiya, tsayinsa ya haura mita 1,300. Sunansa na da Kondhana. A 1328 Sarkin Delhi Muhammad bin Tughlaq ya ƙwace shi daga hannun Nag Naik, shugaban mutanen Koli. Amma labarin da ko yaro a nan zai ba ka shi ne na wani dare a Fabrairun 1670. Shekara biyar kafin nan, Shivaji, wanda ya kafa daular Maratha, ya miƙa dutsen ga daular Mughal, mai mulkin yawancin Indiya a lokacin, bisa yarjejeniyar Purandar. Sai ya tura bardensa Tanaji Malusare ya karɓo shi. Ba su bi ta ƙofa ba, ta wani gefe mai tsananin tsayi suka hau da igiya cikin duhu. Mutanen nan na cewa damo aka ɗaura wa igiyar ya maƙale a dutse. Na tsaya a bakin wurin na leƙa ƙasa, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Tanaji ya kwanta dama a fagen daga, ƙanensa Suryaji ya ƙarasa nasarar. An ce da labarin ya iske Shivaji cewa ya yi: an ci ganuwa, an rasa zaki.

Abin da ya tsaya mini a rai kuwa ranar Lahadi ce. Iyaye na hawa da 'ya'yansu cikin hazo, suna nuna musu kabarin Tanaji. Tafkunan da aka sassaƙa cikin dutse har yau da ruwa mai sanyi. Mata na sayar da gurasar dawa da kindirmo a 'yan tukwanen ƙasa, sai na ji kamar ina gida. Na tuna Dala da ganuwar Kano. Wanda ke da yara, ya daure ya kai su ƙofar Na'isa wata Asabar, ya faɗa musu wa ya gina, kafin masu ɗibar ƙasa su ƙarasa sauran.

Batun biza, ku dai sabunta takardunku kafin wa'adi ya cika. Sauran bayani sai wasiƙa ta gaba. A gaishe da kowa.