Da hannuna na sayo wa Baba maganin da ya taɓa masa ƙoda

Har yau in na hangi mai tallar magani da kwali a ka a bakin babbar kasuwar Maradi, sai gabana ya faɗi. Wajen irinsu na sayi diklofenak na dala arba'in, wanda ya kusa ɓata aikin da muka sayar da gona muka biya.

Babbar jijiyar jinin da ke cikin Baba ce ta kumbura, ta kai santimita 6, alhali a ƙa'ida ba ta cika wuce 2 ba. A Tunusiya aka zura masa bututu mai ragar ƙarfe ta jijiyar gindin cinya, ba a tsaga cikin ba. Aiki ya yi kyau. Ranar sallama likitan ya zana mini hoto a bayan takarda: ga bututun, ga jijiyoyi biyu masu shayar da ƙoda dab da bakinsa na sama. Ya ce Baba na da wata ƴar ƙaramar jijiya ta uku a ƙodar hagu, bututun ya rufe ta don babu yadda za a yi, saboda haka wani yanki na ƙodar ba zai ƙara samun jini ba. Ya maimaita cewa a lallaɓa ƙodar. Na gyaɗa kai, amma hankalina duk yana kan kada bututun ya yi yoyo.

Sai ga azumi ya faɗo cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Baba ya ce shi ba zai sha azumi ko ɗaya ba. Gwiwa ta matsa masa wajen tarawihi, ni kuma tausayi ya sa na riƙa miƙa masa ƙwaya biyu na diklofenak da buɗa baki. Ga maganin tansiyo yana sha, har da mai sa fitsari.

Hajiya ce ta fara lura. Ta ce, "Kai, butar babanku tun safe ba ta motsa ba." Na danna ƙafarsa da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba.

A Yamai aka ce kireyatinin ɗinsa, wato dattin cikin jini da ake aunawa don a gane aikin ƙoda, ya ninka. Likitar ƙoda ta dube ni ta ce, "Malam, ban da na ordonansi, me kuke ba Alhaji?" Na ciro kwalin daga aljihu, kunya kamar in nitse. Ita ta fahimtar da ni cewa kusan kashi 20 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa ƙoda yake zuwa. In jiki ya bushe, ƙoda kan buɗe ƙananan jijiyoyinta don jinin ya ci gaba da shiga, diklofenak da ibuprofen kuwa wannan buɗewar suke hanawa. Wato Baba na cikin ƙishi, ni kuma ina ƙara tsuke masa hanya.

Da an yi masa sikanar da muka shirya bayan salla, wadda ake ɗura ruwan ayodin a jijiya, da abin ya fi haka muni, don shi ma ruwan yana wahalar da ƙoda. Yanzu ba na yarda a ɗura masa sai an auna kireyatinin, kuma na tambaya ko eko, wato hoton da ba a ɗura wannan ruwan, za ta wadatar.

Alhamdu lillahi, bai kai ga wankin ƙoda ba, sai dai awon bai koma inda yake da ba. Bana ciyarwa ya yi. Gwiwar kuma farasitamol muke ba shi, shi ma sai da na buga wa likitar waya.