Na Ce Ƙarya Take Yi, Ashe Ciwo Ne

Har yau in na tuna safiyar nan sai kunya ta kama ni, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Litinin ce cikin watan Maris na 2024, azumi bai kai kwana 10 ba. Autata, lokacin tana da shekara 9, tana ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, ta tashi tun kafin kiran assalatu tana kelaya amai a tsakar gida. Ranar kuma za su fara kompozisiyo ta biyu, wato jarrabawar lakwal. Na tsaya a kanta da buta a hannu, na ce, "Wannan wasan naki ya ishe ni. Kurkure baki ki sa kaya." Ta ɗago fuska duk ta yi fayau, ta ce, "Mama, wallahi ba da gangan nake ba." Na ce ko da gangan ko ba da gangan ba, yau sai lakwal. Da hannuna na ɗora ta bayan ɗan kabu-kabu.

Ba a yi awa biyu ba aka maido min ita. A kan takardar jarrabawa ta yi aman, gaban ƴan ajinsu kaf.

Ba wanke kaina nake son yi ba, amma duk wanda ya zauna da yaro mai irin wannan ciwo ya san yadda yake ruɗa mutum. Sai ta yi mako 5 ko 6 garau, tana tsallen igiya, tana faɗa da yayyenta kan ƙosai. Rana ɗaya da asuba sai abin ya sauko. Amai kan amai, sau 5 ko 6 cikin awa guda, har abinci ya ƙare ya koma yunƙuri kawai. Ta naɗe a kan tabarma, ba ta son haske, ba ta son ƙarar rediyo, ko magana ba ta amsawa. Kwana ɗaya, in ya yi tsanani biyu, sai ta farka ta ce tuwo take so da miyar kuka, kamar ba ita ba. Mun je CSI, ƙaramin asibitin unguwarmu, ya fi a ƙirga. A yi gwajin palu, zazzaɓin cizon sauro, a ce babu. Sau ɗaya cikin damina aka same shi, har muka yi murna wai an gano bakin zaren; ta sha magani palu ya tafi, aman ya dawo a kan lokacinsa. An ba ta maganin tsutsar ciki. Mun zargi ruwa, don wa ke Damagaram bai taɓa zargin ruwan da ƴan garuwa ke kawo masa ba? Na koma tafasa nata daban. Uwar mijina ta ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Duk a banza.

Abin da ya kai ni ga kuskure shi ne na lura aman ya fi son ranakun da lakwal ta yi zafi: ranar kompozisiyo, ranar da madam za ta ɗebi hadda. Maƙwabciyata ta ce min, "Maman Auta, ɗiyar nan fa wayo gare ta, lalacin boko ne." Ni kuma da ma na gaji. Ɗinki nake yi, kowace ranar ciwonta ranar asara ce gare ni, ga kayan Sallah na mutane jibge a kan keke. Maganar ta yi min daɗin ji, na riƙe ta.

Kuɗin da muka kashe kafin nan ba su dame ni ba kamar abin da kalmar "ƙarya" ta jawo. Daga ranar nan yarinyar ta daina faɗa min. Cikin Mayu, tsakiyar zafin nan da ko bango ba ya taɓuwa, abin ya taso mata da dare, ta lallaɓa bayan gida ta yi ta yi ita kaɗai don kada in ji. Yayarta ce ta tsince ta da safe, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, tun magariba ba ta yi fitsari ba. Kwana biyu muka yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Sama da jika 40 suka tafi, tunda kyautar magani ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce, ita ta wuce nan. Ina zaune bakin gadon ina kallon ruwan yana ɗiga, na san ba ciwon kaɗai ya kwantar da ita haka ba. Da ta tashe ni tun farkon dare, da ba mu kai nan ba. Ni na koya mata ɓoyewa.

A wannan kwanciyar ce muka haɗu da likitan yara da ya zauna ya yi tambayoyi maimakon ya miƙo takardar magani. Yaushe ya fara? Ƙarfe nawa yake tasowa? Kwana nawa tsakanin wannan da wancan? Na kasa ba shi amsa ko ɗaya daidai, sai "kwanakin baya" da "wajen Sallah". Can ya ce, "Hajiya, a gidanku akwai mai ciwon ɓarin kai?" Na yi shiru. Ni ce. Tun ina budurwa nake ɗaure kai da ɗankwali in shige ɗaki mai duhu, haka ma mahaifiyata.

Ya sa aka yi gwajin jini da na fitsari da hoton ciki, duk suka fito lafiya. Sannan ya yi min bayani cewa akwai wani ciwo na aman da ke zagayowa, ɗan'uwan ciwon ɓarin kai ne, kuma yakan bi dangi. Babu gwajin da ke nuna shi. Ana gane shi ne daga yadda yake maimaita kansa iri ɗaya, da lafiyar da yaro ke samu tsakani, bayan an tabbatar ba wani abu ba ne. Yara da yawa yana sakinsu in sun girma, wasu kuma ya juye musu ciwon kai. Na tambaye shi maganar lakwal, don har lokacin ina neman inda zan fake. Ya ce fargaba na cikin abubuwan da ke tayar da shi, haka rashin barci, da zama da yunwa, har ma da ɗoki. Wato ban yi kuskure ba da na ga yana bin ranakun kompozisiyo. Tsoron jarrabawar gaskiya ne, aman ma gaskiya ne. Na ga rabin abin daidai, na ɗauki rabin nan na doke ta da shi.

Ya ce in sayi kaye in riƙa rubutawa. Kayen dala 20, shi ya yi mana aikin da shekara biyu na yawo bai yi ba. Rana, lokaci, me ta ci, ƙarfe nawa ta kwanta, me ya faru jiya. Cikin wata 4 abin ya fito fili. Daren da aka yi hira har sha biyu. Jajibirin biki, saboda murna. Tafiya Mirriya cikin mota da rana, ciki wayam. Da na waiwaya Maris ɗin nan sai na ga komai ya haɗu mata: tana tashi sahur tare da mu, tana gwada azumin rabin yini don kada yayyenta su yi mata dariya, ga jarrabawa a gaba.

Yanzu in ta ce cikinta ya fara, ba a jira. Akwai maganin da likita ya rubuta mata na farkon tasowa, shi nake ba ta nan take, in kai ta ɗakin da ya fi sanyi, in rufe taga, in kori yara waje. SRO, garin gishiri da sukarin nan na mayar da ruwan jiki, ba ya yankewa a gidana: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Cokali-cokali ake ba ta, ba kofi ba. In ta amayar, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Wannan haƙurin ne ya fi komai wuya, don uwa so take ta ga an shanye.

Abu biyu likitan ya ja min kunne a kai. Na farko, kada in saba da ciwon har in ɗauka kowane amai shi ne. In ya fito kore ko da jini, in ciki ya kumbura ko ciwonsa ya tsaya wuri ɗaya, in akwai zazzaɓi mai zafi ko ciwon kai mai tsanani, in ta yi nauyin da ba ta tasuwa, ko fitsari ya ɗauke, asibiti kai tsaye. Na biyu, masu tallar magani a faranti. Akwai maganin amai mai suna metoklopramid da ke iya sa wuyan yaro ya murɗe, idanu su juye sama. A unguwarmu in aka ga haka, wa zai ce ƙwaya ce? Aljanu za a ce.

Sai maganar lakwal, wadda ita ma laifina ce. Shekara guda ban taɓa taka ƙafa na je na yi bayani ba. In ta warke sai in ce ta tafi, shi ke nan. Me zan je in ce, tunda ni kaina ban yarda ciwo ba ne? A wurinsu yarinya ce mai fashi, kwanakin da ta rasa sun haura 30, kompozisiyo ɗaya babu maki. Ƙarshen shekara aka ce ta maimaita CE2. Na ji haushi, na so in yi faɗa, amma da wa?

Da aka koma a Oktoba, ranar farko na tafi da takardar likita da kayena. Na zauna da madam ɗinsu da mushe direkta, na buɗe musu shafi-shafi. Ban nemi a tausaya mata ba, abubuwa ƙanana na roƙa. A zaunar da ita kusa da ƙofa, in ta ɗaga hannu ta fita ba sai an yi tambaya ba. A kira ni in ta fara yin fayau. Wata ɗiyar layinmu da suke aji ɗaya ta riƙa kawo kayenta da marece a kwafa darasi. In ciwon ya faɗo ranar kompozisiyo, a ba ta dama ta rama. Madam ta amince da duka, har ta ce, "Hajiya, da kin zo bara ai da ba haka ba." Murmushi na yi, amma maganar ta bi ni har gida.

Makon jarrabawa kuwa na daina yi mata "saura kwana uku, saura kwana biyu". Bita tun da wuri, kwanciya bayan isha'i, kuma ba ta fita sai ta sha kunu ko da rabin kofi ne. Babanta ya hana ta sahur sai ta ƙara girma, ta yi kuka, ya ce ta yi. A shekarar nan kwana 9 kawai ta rasa, ta wuce zuwa aji na gaba, CM1. Ƙawayenta na da suna gabanta da aji guda, kullum tare suke tafiya da safe su rabu a bakin ƙofar aji. Ita ba ta cewa komai a kai. Ni ce nake ƙirgawa.

Makon jiya wajen ƙarfe huɗu na dare na ji ana taɓa min ƙafa. Ita ce tsaye da ƴar tasarta a hannu. Ta ce, "Mama, ya fara." Na tashi ina laluben magani, sai na ji ta ƙara da ƙaramar murya, "Wallahi ba ƙarya nake ba."