Yadda Muka Ratsa Hamada Lagireto Bai Tafasa Ba

Tun kafin mu bar kwalta muka tsaya muka buɗe bonet, don aikin sanyaya inji a hamada daga nan yake farawa. Murfin lagireto muka soma dubawa. Mutane na raina shi, alhali shi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma idan an haɗa shi da kulant, wato sinadarin sanyaya inji, rabi da rabi, kuma murfin yana riƙe matsin da ya kai bar 1.1 a ma'aunin matsi, sai ya haura 120 bai tafasa ba. Robar murfin da ta tsage kuwa tana zubar da wannan ribar gaba ɗaya. Muka danna fambel da babban yatsa, bai lotsa fiye da santimita ɗaya ba. Muka matsa tiyo na sama da na ƙasa, babu wanda ya yi laushi ko ya kumbura. Sauran kaya muka ɗora a baya: fambel, tiyo biyu, kilif, sabon murfi, da jarkar ruwa mai lita 20 ta inji kaɗai.

Da muka shiga rairayi mai taushi, sai muka rage iskar taya zuwa psi 16. Taya mai tauri nutsewa take yi, inji ya yi ta gurnani yana tara zafi, mota kuwa ba ta gaba. Muka sa giyar taimako, musamman don motar otomatik ce, kuma man giyarta a jikin lagireto yake hucewa. Idan giya ta wahala, zafinta kan ruwan inji yake sauka.

Wajen azahar iska ta juyo tana busowa daga bayanmu, a nan ne allurar awon zafin inji ta fara hawa. Wannan yana cikin abubuwan da ke cin injuna a hamada. Kana tafiyar kilomita 20 a awa, iska na bin ka da irin wannan gudun, to babu abin da ke ratsa lagireto sai wanda fanka ta jawo. Muka kashe esi, muka kunna hita har ƙarshe da tagogi a buɗe. Azaba ce ga ƙafafu, amma hita ƙaramin lagireto ne, yana kwashe zafi. Allura ba ta sauko ba, sai muka hau tudu mai tauri, muka juya hancin motar yana fuskantar iska, muka ɗaga bonet, muka ɗan taka totur inji na juyawa wajen sau 1,500 a minti. Ba a kashe inji nan take, don famfon ruwa zai tsaya, zafin ya taru a kan silinda. Sai dai in ruwa na tsiyaya ko tururi na tashi, wannan kam a kashe.

Da injin ya huce na leƙa tsakanin lagireto da na esi, sai ga ƙura da 'ya'yan ciyawa sun dunƙule kamar tabarma. Da famfon iskar taya muka hure su, daga ɓangaren inji zuwa waje. Na kuma juya fankar da hannu, inji a kashe, na ji tana da ɗan nauyi. Da ta yi ta walawala babu tirjiya, to man kulocinta ya ƙare, ba za ta kama ba lokacin da ake buƙatarta.

Murfin lagireto kuwa ba mu taɓa shi ba sai bayan rabin awa, da tiyon sama ya saki. Ruwa ma a hankali muka ƙara, inji na silo, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana tsaga kan silinda.

Ban yarda da masu cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, da sunan maganin zafi ba. A injuna da yawa shi ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, in babu shi wani ruwan ba ya ma shiga lagireto. A kuma kula da allurar da ta faɗo haka kawai bayan ta hau, hita kuma na hura sanyi: ruwan ne ya ƙare, na'urar awon tana rataye a iska.

Daga ranar muka sauya lokacin tafiya. Da asuba muke tashi, mu yada zango kafin sha biyu, sai la'asar mu ci gaba, duk inda muka tsaya kuma hancin mota yana kallon iska.